Ziyarar magabata ko Yankari: wace tafiya ce ba ta cinye wurin da aka je?

Malam_Jekadafari:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Shawara nake nema. Duk shekara bayan sauka, Islamiyyarmu takan kai 'yan babban aji wani wuri su buɗe ido. Bana yara 34 ne, kuma abin da iyaye suka haɗa bai wuce shatar kwasta biyu na tafiya ɗaya ba. Kwamiti ya rabu. Wasu sun ce a je Bormi wajen Bajoga, a ziyarci kabarin Sarkin Musulmi Attahiru, in hali ya yi a leƙa Gombe Abba wurin Modibbo Buba Yero. Wasu kuma sun kafe sai gandun dajin Yankari, yara su ga giwa da idonsu.

Ni abin da na faɗa a zaman shi ne, tafiye-tafiyen nan biyu 'yan gida ɗaya ne. Wuraren nan ba wani attajiri ne ya gina su don kasuwa ba. Ɗaya Allah ne ya halitta, ɗayan tarihi ne ya bar mana. Baƙo ya je ya gani ya dawo, bai ɗauke komai ba, mutanen wurin kuma sun samu ɗan ciniki. In dajin ya ƙare ko makabartar ta lalace, tafiyar ma ta ƙare, don haka mai zuwa da mai masauki kowa yana da dalilin kare wurin. Ina ganin wannan ce tafiya mai ɗorewa da ake ta magana a rediyo. Wani abokin aikina ya ce a takarda kawai haka yake. Ku da kuka je wuraren nan, me kuka gani?

Hamma_Bajoga:
Wa'alaikumus salam Malam. Ku zo Bormi. Abin yana min ciwo, yaranmu sun san yaƙe-yaƙen wasu ƙasashe amma ba su san abin da ya faru a bayan gidansu ba. Bayan Turawa sun ci Sakkwato a watan Maris na 1903, Sarkin Musulmi Attahiru bai yarda ya zauna ƙarƙashinsu ba, ya yi hijira ya nufo gabas, jama'a suna ta binsa gari bayan gari, malamai da talakawa da mata da yara. A Bormi, garin da Malam Jibrilla Gaini ya kafa, aka tsaya. Karon farko Turawa ba su iya shiga garin ba, suka ja da baya. Ranar 27 ga Yuli 1903 suka dawo da ƙarfi, a ranar Sarkin Musulmi ya yi shahada tare da ɗaruruwan mutane. Shi ma Manjo Marsh da ya jagoranci sojan Turawa a nan ya mutu, kabarinsa na nan. Ɗan Sarkin, Muhammadu Bello Mai Wurno, shi ya ci gaba da ragowar jama'a har Sudan, garin Mai Wurno da ke bakin kogin Nilu har yau jikokinsu ne a ciki.

In ka tsaya a filin da yamma, ba gini mai tsawo, ba hayaniya, sai iska da gonaki da kukar tsuntsaye. Na sha kai baƙi, ban taɓa ganin wanda ya fito yana surutu ba.

UmmuKhalil:
Yankari dai. Yara ne fa. Tarihi za su iya ji a aji, giwa kuwa sai an je.

Dan_Alkaleri:
Malam, da girmamawa, maganar "baƙo bai ɗauke komai ba" ita zan tsaya a kai. Gaskiya ne bai ɗauka ba, amma me ya bari? Ni ɗan yankin ne. Lokacin hutun ƙarshen shekara ko bayan Sallah, ka bi hanyar nan daga Dindima zuwa Mainamaji, ƙofar shiga Yankari, ka ga ledar fiya wata da robar lemo da ake wurgowa ta tagar mota. Kuma yawancin masu zuwa daga gida suke cika kula da abinci da ruwa, su wuce ƙauyukanmu a guje, ko ƙosai ba su tsaya saye ba. To wane ciniki muka samu? Ƙura muka samu.

Maman_Hanif:
Dan_Alkaleri ya taɓo inda yake min ƙaiƙayi. Ina sayar da masa a bakin hanyar Bauchi zuwa Gombe shekara tara ke nan. Ranar da motar 'yan makaranta ta tsaya, kafin azahar na wanke tanda na tafi gida. Ranar da suka wuce, ni da ƙullina sai la'asar. Kwasta ɗaya tak in ta tsaya, ni na samu, mai miya ta samu, yaron da ke kawo mana ruwa ya samu, mai rake ma ya samu. Malam in za ku je, don Allah kada ku dafa komai daga gida sai abin da ya zama dole.

Abu_Sumayya:
Ni tambayata ta shari'a ce. Hadisi ya tabbata a Bukhari da Muslim cewa ba a ɗaura sirdin tafiya sai zuwa masallatai uku: na Makka, na Madina da na Ƙudus. Ta yaya makarantar Islamiyya za ta yi shatar mota takanas zuwa kabari?

Tijjani_Kofar_Ran:
@Abu_Sumayya, ɗan'uwa akwai kuma hadisin Muslim: na kasance na hana ku ziyarar ƙaburbura, to ku ziyarce su. Malamai da yawa sun fassara wancan hadisin a kan masallatai, wato ba wani masallaci da za ka yi tafiya dominsa don neman ƙarin lada sai ukun nan. Mutane suna zuwa Hubbaren Shehu a Sakkwato tun bayan rasuwarsa a 1817, gaban manyan malaman daular.

Abu_Sumayya:
Wasu malaman kuma sun fassara shi a kan kowane wuri da ake nufa don ibada. Kuma na ga abin da jahilai ke yi, ana shafar kabari ana ɗibar ƙasa.

Mai_Kula_da_Zaure:
Jama'a, saɓanin nan ya girme mu duka, kuma kowa ya kawo hujjarsa cikin ladabi, mun gode. A bar shi nan. Mu koma kan tambayar Malam.

Hamma_Bajoga:
Ba zan koma kan fiƙihu ba, amma maganar ɗibar ƙasa da Abu_Sumayya ya yi tana da muhimmanci ko ta fuskar kare wuri. Na taɓa raka wasu baƙi wata tsohuwar makabarta, ba Bormi ba, na ga wata baiwar Allah ta ƙulle ƙasa a bakin zaninta, ta bayanta ma ta yi haka, wani kuma ya ɓare ɓawon bishiyar da ke inuwar wurin wai na magani. Ka lissafa mutum ɗari a wata. Bishiyar da aka zagaye ta da ɓara ai bushewa take yi. Ashe mai ziyara ma yana iya cinye wuri, Malam, kuma da kyakkyawar niyya.

Dr_Muhalli:
Bari in sa baki ta ɓangaren da na karanta. Yankari faɗinsa murabba'in kilomita 2,244 ne. An keɓe shi a 1956, aka buɗe wa jama'a a 1962, ya zama gandun daji na tarayya a 1991, sannan a 2006 ya koma hannun gwamnatin jihar Bauchi. Giwayensa suna cikin garke mafi girma da ya rage a Najeriya, kuma yana cikin 'yan wuraren da har yanzu ake da zaki a ƙasar nan. Ƙungiyar kare namun daji ta WCS tana aiki da jihar wajen sintiri, har da sanya wa wasu giwaye abin wuya mai nuna inda suke ta tauraron ɗan'adam.

Dalilin da ya sa na goyi bayan Malam shi ne wannan: ku dubi dazukan da ba mai zuwa kallonsu. Ina suke? Sun zama buhunan gawayi a bakin titi. Daji yana tsira ne idan tsayuwarsa ta fi sare shi amfani ga mutanen da ke da iko da shi da waɗanda ke kewaye da shi. Kuɗin ƙofa, kuɗin ɗaki, kuɗin motar zagaye, aikin da direba da ɗan jagora da mai shara suka samu, su ne hujjar da ake kare dajin da ita ranar da wani ya ce a yanka shi gonaki. Amma sharaɗi biyu ne. Kuɗin ya taɓa maƙwabta, kuma yawan baƙi kada ya fi ƙarfin wurin. In ɗaya ya faɗi, sunan kawai ya rage.

Manomi_Duguri:
Dakta sannu da ƙoƙari. Ni maƙwabcin giwa ne, bari in faɗa muku yadda take a wajenmu. Shekara uku da suka wuce, dawata ta yi kai, saura kamar sati biyu a yanka. Cikin dare muka ji ƙarar karyewar kara. Da gari ya waye na je, gonar kamar an yi shimfiɗa. Sawun ƙafa ɗaya na sa ƙafafuna biyu a ciki har da saura. Abin da ya rage bai cika buhu biyu ba, a gonar da nake samun goma sha. Shekarar nan sai da na sayar da akuyoyin matata.

Ba na ƙin giwa, halittar Allah ce, kuma kakanninmu sun zauna da ita. Yanzu ma akwai samarinmu da aka ɗauka suna sa ido, in garke ya doso gonaki su buga waya a zo a kora, kuma hakan ya rage ɓarna. Amma ina so mai zuwa ɗaukar hoto ya sani, giwar da ya yi murnar gani wani ne ya ciyar da ita da abincin 'ya'yansa. In za a kawo ɗalibai, a gaya musu wannan ma.

Goggo_Dukku:
Allah ya mayar maka da alheri ɗana. Wannan magana ta shige ni.

Malam_Jekadafari:
Manomi_Duguri, Allah ya musanya. Wallahi ban taɓa kallon abin ta nan ba. Da na ce kowa yana da dalilin kare wurin, ashe ban lissafa wanda yake biyan kuɗin karewar daga rumbunsa ba.

Bappa_Ardo:
Tunda an buɗe wannan, mu ma makiyaya a ji namu. In rani ya tsananta, ciyawa da ruwa suna cikin gandun, a waje kuwa burtali ya zama gona. Yaro ya kora shanu ciki, a kama shi, a ci tara. Na yarda doka ce, kuma na san shanu suna korar namun daji daga mashaya. Amma in ba a bar wa saniya inda za ta ci a waje ba, gadin daji ba zai taɓa ƙarewa ba.

Ɗan_Mai_Gadin_Daji:
Bappa, na ji ka. Mahaifina ya yi aikin gadin daji har ya yi ritaya. Sai ya yi kwanaki a ciki a ƙafa, da garin kwaki da ƙuli a jaka, ƙudan tsando na cizo, ya dawo da tarkunan waya da ya kwance a hanyar mashaya. Mahaifiyarmu ba ta barci in ya fita, domin mafarauci da bindiga yake shiga. Abin da yake yawan faɗa mana shi ne, ranar da ya ga motar 'yan makaranta ta shigo, ranar yake jin aikinsa yana da ma'ana. Malam ku je. Ku nemi a ba ku ɗaya daga cikin masu sintiri ya yi wa yaran bayani ko na minti goma ne.

Kuma ku lura da lokaci. Da rani ake ganin dabbobi, daga Disamba zuwa wajen Afrilu, lokacin ciyawa ta kwanta kuma kowace dabba tana gangarowa kogin Gaji shan ruwa. Da damina daji ya rufe, za ku iya zagaye ku dawo ba ku ga komai ba sai gwaggon biri da gadu. Ko da rani ma giwa ba alkawari ba ce. Ɓauna, gwanki, gwambaza, mazo, waɗannan an fi samu. Daga ƙofa zuwa sansanin Wikki, inda baƙi ke sauka, ya haura kilomita 40, ku sa shi a lissafin mai.

UmmuKhalil:
Maganar birai, a ja wa yara kunne kada su ba su abinci. Da muka je, a gabana wani ya miƙa wa biri biskit yana ɗaukar bidiyo. Ba a jima ba wani babba ya fizge ledar burodi daga hannun wata yarinya 'yar shekara kamar biyar, ta yi ta kuka ta ƙi sauka daga jikin uwarta har muka tafi. Mu muka koya musu. Dabbar da ta saba da abincin hannu ta daina tsoron mutum ke nan.

Hajiya_Fadaman_Mada:
Ni damuwata ruwan Wikki. Ruwa ne mai kyau, garau, kana hango farin yashi a ƙasa, yana fitowa daga ƙarƙashin dutse, ɗuminsa digiri 31 dare da rana, sanyi da zafi. Amma ranar cunkoso maza da mata a haɗe suke. Makarantar Islamiyya ta tsara wannan tun daga gida: ku je ranar aiki ba ƙarshen mako ba, 'yan mata da malamansu mata su je da sassafe, maza daga baya. Kuma ban da sabulu da omo a cikin ruwan. Ruwan nan gangarawa yake yi, dabbobi suna sha a gaba.

Ladi_Kaltungo:
Sannunku. Ni Kirista ce amma ina bin zancen nan tun farko domin mu ma ya shafe mu. Lokacin Ista matasan ikilisiyarmu suna hawa dutse yin addu'a da asuba. Shekarun baya in an sauko, sai ka ga saman dutsen duk leda, ga wuraren da aka sare ƙananan itatuwa aka hura wuta. Wani dattijonmu ya tsaya a gaban jama'a ya ce, wurin da kuka kira mai tsarki da bakinku, ku dubi yadda kuka bar shi. Tun daga nan kowane rukuni da buhunsa yake hawa, kuma an hana sara. Abin da na lura, magana ɗaya daga bakin shugaban addini ta fi allon gargaɗi goma aiki. In kun samu dama wata shekarar ku zo Tula ku ga duwatsu da tsohon gidan yarin Turawa.

Tijjani_Kofar_Ran:
'Yar'uwa Ladi ta faɗi gaskiya. Kuma mu muna da tushen abin a addini. Haramin Makka ba a farauta a cikinsa, ba a sare bishiyarsa. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya keɓe wurin kiwo da ake kira Naƙi'u a kusa da Madina, abin da littattafan fiƙihu ke kira hima. Ga hadisin da ya ce duk musulmin da ya dasa itace, mutum ko tsuntsu ko dabba ta ci, sadaka ce gare shi. Wanda ya je Hajji ya ga bishiyoyin da ke filin Arfa, maina ce, irin wadda ke ƙofar gidajenmu. Mun je mun sha inuwarta mun dawo, a gida kuma muna sarewa.

Abu_Sumayya:
A kan wannan ba mu da saɓani ko kaɗan. Kuma Alƙur'ani ya ce a yi tafiya a bayan ƙasa a duba yadda Allah ya fara halitta, yana cikin Suratul Ankabut. Don haka ni Yankari na zaɓa wa yaran, da niyyar tunani a kan halitta. In kuma Bormi za a je don darasin tarihi da yi wa mamata addu'a kamar yadda sunna ta koyar, a samu malamin da zai tsaya a kan yaran.

Sadiq_ATBU:
Kowa na ta Yankari da Bormi, an manta da na cikin gari. Kabarin Sir Abubakar Tafawa Ɓalewa yana nan tsakiyar Bauchi. Za ka bi ta wani lungu mai duhu kana hawa a hankali, haske na ƙaruwa, har ka fito fili inda kabarin yake, sama a buɗe, ba ado ba ƙyale-ƙyale. Firayim Minista guda, wanda aka kashe a Janairun 1966, ga kayansa 'yan kaɗan a ɗakin ajiya. Wannan ziyara ce ko yawon buɗe ido? Ni dai duka biyun na ji a jikina. Sannan ga Sumu a ƙaramar hukumar Ganjuwa, inda aka kawo raƙuman dawa da jakunan dawa daga Namibiya. A Yankarin ma akwai tarihi: kogwannin Marshall waɗanda mutanen zamanin da suka sassaƙa a jikin dutse, rijiyoyin Dukkey, da wuraren da aka narka tama. Ba dabba kaɗai ba ce.

Goggo_Dukku:
Ku yara kuna ta lissafin mota. Kakata ta ba mu labarin ƙanin babanta da ya tafi Makka a ƙafa ta Chadi da Sudan. Shekara bakwai bai dawo ba. Inda guzuri ya ƙare sai ya tsaya ya yi noma ko ɗinki, ya tara, ya ƙara gaba. Duk garin da ya sauka ya ci nasu, sun ci nasa. Ya dawo da Larabci a bakinsa da tabon tafiya a ƙafa. Yanzu mutum ya je Umra sau biyar a jirgi bai san sunan maƙwabcin masaukinsa ba, kuma bai taɓa taka Gombe Abba ba, ga ta nan kusa da mu a bakin Gongola, inda Modibbo Buba Yero ya kafa mulkinsa bayan ya karɓo tuta daga Shehu. In kun zo ku biyo ta Dukku, amma kada ku haɗa da Bormi rana ɗaya, yaran za su galabaita.

Dan_Alkaleri:
Goggo, Allah ya ƙara girma. "Ya ci nasu, sun ci nasa", abin da nake nema ke nan tun ɗazu. Dr_Muhalli ya ce kuɗin ya taɓa maƙwabta. To ta wace hanya? Ni na ga ya kamata 'yan jagora su zama 'ya'yan ƙauyukan nan, kuma a samu rumfuna a ƙofa inda matanmu za su sa zuma, daddawa, tabarmi, man gyaɗa.

Dr_Muhalli:
Haka ne, kuma zuma tana da wata fa'ida: giwa tana gudun ƙudan zuma, shi ya sa a Kenya manoma ke jera amya a gefen gona kamar shinge. Manomi_Duguri, an taɓa gwada wannan a wajenku?

Manomi_Duguri:
Na ji labari, ni dai ban gwada ba. Amya nawa gona kamar tawa za ta ci, kuma wa zai saya min kafin zumar ta fara fita? Mu gwangwani muke bugawa da tocila, wani lokaci mu ƙona barkono. In garken ya yi yawa ba abin da suke ji.

Malam_Jekadafari:
Na gode ƙwarai jama'a. Na karanta wa kwamiti saƙonninku jiya bayan isha'i. Har yanzu ba a tsaya a kan wuri ba, shugaban makaranta yana son Bormi, malamai mata suna son Yankari. Abin da aka amince kawai: duk inda za a je, kowace mota da buhun shara biyu, ruwa a jarka da kofuna maimakon fiya wata, kuma abincin rana a hanya za a saya. Abokin aikina da ya ce a takarda kawai abin yake, ya ce har yanzu bai sauka daga ra'ayinsa ba, wai mota biyu ba za su gyara abin da mota dubu suka ɓata ba. Ban samu amsar da zan ba shi ba tukuna.

Hamma_Bajoga:
In Bormi aka tsayar, ka sanar da ni kwana uku kafin ranar, in je in gaida mai gari in nemi dattijon da zai ba yaran tarihi. Ku riƙo masa goro da ɗan abin sadaka, kuma ku iso kafin rana ta take.

Manomi_Duguri:
In kuma Yankari ne, ƙauyenmu ba kan hanyarku yake ba, amma zan iya fitowa Mainamaji in same ku. Ina da hoton gonar a wayata, zan nuna wa yaran.

Maman_Hanif:
Malam, yara 34 da malamai nawa? In san yawan shinkafar da zan jiƙa.